Ina birninmu na taurari ya dosa? Yadda masana ke auna nisa da gudu a sararin samaniya

Wanda ya ɗaga kai ya dubi sama cikin dare zai ga komai tsit, kowane tauraro a mazauninsa. Lissafin masana sararin samaniya kuwa wani abu dabam yake nunawa: dandazon taurarin da rana da duniya ke ciki, shi da maƙwabtansa na kusa, suna cikin wata doguwar tafiya da gudun da ya haura kilomita 600 a daƙiƙa guda. Gudu ne da zai zagaye duniya cikin kimanin minti ɗaya.

Tun ƙarshen shekarun 1970 aka tabbatar da wannan gudu. Abin da har yau ake taƙaddama a kai shi ne abin da ke jan ayarin, da kuma inda ayarin ya tsaya. Amsar ta rataya ne a kan wani aiki mai cin rai, wato auna nisan dubban abubuwan da babu wanda zai taɓa zuwa inda suke.

Taurari ba a warwatse suke barkatai ba. A tattare suke cikin manyan dandazo da masana ke kira galaksi, abin da za a iya kira birnin taurari. Namu, wanda Turawa ke kira Milky Way, Larabawa kuma Darbut Tabbana, na ɗauke da taurari aƙalla biliyan 100, kuma rana ɗaya ce kawai daga cikinsu. Shi ne farin zanen nan mai kama da hayaƙi da ke ratsa sama a daren da babu wata, nesa da fitilun gari.

Siffarsa irin ta faifai ce: cibiya mai kauri, da hannuwa da suka murɗe suna kewaye ta kamar yadda saƙar faifai ke tashi daga tsakiya. Kuma faifan juyawa yake yi. Rana na kewaya cibiyar da gudun kusan kilomita 230 a daƙiƙa, amma duk da haka sai ta shafe shekara wajen miliyan 230 kafin ta kammala zagaye ɗaya. Wannan juyawa, wadda duk birane masu siffar faifai ke yi, ita ce ta zama ma'aunin da ake magana a kai.

Fitila a cikin duhu

Matafiyin da ya hango haske ɗaya a nesa cikin dare ba zai iya cewa ga nisansa ba, sai ya san irin fitilar. Tana iya zama 'yar tocila a kusa, tana iya zama fitilar babbar mota da ke can nesa. Idan ya san ainihin ƙarfinta, sauran lissafi ne, domin haske na dusashewa a kan ƙa'ida: idan nisa ya ninka sau biyu, hasken da ke isowa ido zai koma kashi ɗaya cikin huɗu.

Matsalar masana ke nan tun fil azal. Masanin taurari Abdurrahman al-Sufi, mutumin Farisa, ya rubuta bayanin birnin Andromeda a shekarar 964, ya kwatanta shi da ɗan gajimare. Sai da aka yi kusan shekara dubu kafin a san ko gajimaren a cikin birninmu yake ko a wajensa.

Henrietta Leavitt ta cibiyar binciken taurari ta Harvard ce ta samo fitilar farko da aka san ƙarfinta. A 1912 ta nuna cewa akwai wasu taurari, da ake kira Sefid, waɗanda haskensu ke ƙaruwa yana raguwa a kan lokaci, kuma gwargwadon jinkirin da tauraro ke yi kafin ya maimaita, gwargwadon ƙarfin haskensa na asali. A watan Oktoban 1923 Edwin Hubble ya ga irin wannan tauraro a cikin Andromeda, aka tabbatar birni ne mai zaman kansa. A yau an san nisansa shekarun haske miliyan 2.5 ne. Shekarar haske ita ce tazarar da haske ke ci a shekara guda, kusan kilomita tiriliyan 9.5.

Gudu ya fi nisa sauƙin aunawa. Jiniyar motar asibiti na ƙara kaifi idan tana tahowa, ta yi kauri idan ta wuce. Haske ma haka yake: na abin da ke nisanta yana rinjaya zuwa ja, na abin da ke matsowa zuwa shuɗi. Vesto Slipher ya fara auna wannan a 1912 a jihar Arizona ta Amurka, ya tarar da cewa yawancin biranen taurari nisanta suke yi. Georges Lemaître a 1927, sannan Hubble a 1929, suka haɗa gudu da nisa suka ga cewa wanda ya fi nisa ya fi gudu. Ma'anar haka ita ce sararin kansa ne ke buɗewa.

A nan ne wahalar take. Gudun da na'ura ke karantawa gauraye ne na abu biyu. Akwai kason da buɗewar sarari ta haifar, wanda ya danganta da nisa kawai. Akwai kuma gudun ƙashin kai, wanda birni ke yi saboda ƙarfin janyowar abubuwa masu nauyi da ke kewaye da shi. Kamar mutum ne da ke iyo a kogi: ruwa na tafiya da shi, shi ma yana nasa motsin. Domin a ware na biyu, dole a san nisan birnin ta wata hanya dabam, a lissafa abin da buɗewar sarari ta ba shi, a debe. Abin da ya rage shi ake nema. Taurarin Sefid kuwa ba sa kai wa nesa sosai. Bayan shekarun haske miliyan 100 da 'yan kai, da ƙyar na'urar hangen nesa mafi ƙarfi ke tsinto su.

Saƙo a kan zangon santimita 21

A 1977 wasu masana biyu da suka yi karatu tare a Jami'ar Maryland, Brent Tully da Richard Fisher, suka wallafa wata ƙa'ida mai sauƙin faɗa. Birni mai siffar faifai da ya fi nauyi ya fi saurin juyawa, kuma ya fi yawan taurari, saboda haka ya fi haske. Ke nan idan aka auna saurin juyawarsa, an san ƙarfin fitilarsa. Dangantakar tana da tsanani: birnin da ya ninka wani sau biyu a saurin juyawa yakan fi shi haske sau takwas zuwa goma sha shida.

Ba su ne farkon da tunanin ya zo wa ba. Tun 1922 Ernst Öpik, ɗan ƙasar Istoniya, ya yi amfani da juyawar Andromeda ya ƙiyasta nisansa, kuma adadin da ya samu ya fi wanda Hubble ya fara bayarwa kusa da gaskiya. Abin da Tully da Fisher suka ƙara shi ne hanyar da za a bi a yi wa dubban birane haka.

Hanyar ta rediyo ce. Masu sauraron gajeren zango sun saba da neman tasha a kan mita 19 ko mita 25. Iskar haidurojin mai sanyi da ke cike da faifan biranen taurari ita ma tana da nata zangon, santimita 21, wato megahaz 1420. Hendrik van de Hulst, ɗan ƙasar Holan, ya yi hasashen samuwar wannan sigina a 1944, aka kama ta a Harvard a 1951. Da birni a tsaye yake cak, da siginar ta fito siririya a wuri ɗaya. To amma yana juyawa: gefe ɗaya na faifan na tahowa wajen mai kallo, ɗaya gefen na komawa. Sai siginar ta baje, wani ɓangare ya hau sama kaɗan, wani ya sauka ƙasa kaɗan. Faɗin bajewar shi ne awon saurin juyawa, kuma nisa ba ya canza shi. Ko da birnin ɗan ɗigo ne a hoto, faranti mai karɓar rediyo zai karanta faɗin.

Daga nan sai a ɗauki hoton birnin a auna hasken da ke isowa, a gwada shi da hasken da ƙa'idar ta ce yana da shi. Bambancin shi ne nisa. Ita ma ƙa'idar sai an ɗaure ta da birane na kusa waɗanda aka riga aka san nisansu ta taurarin Sefid, abin da ya sa masana ke kwatanta aikin da tsani, kowane mataki na tsaye a kan na ƙasa da shi. Idan na ƙasa ya karkace, duk na sama sun karkace.

Akwai abin mamaki a cikin nasarar ƙa'idar. Vera Rubin da Kent Ford sun nuna a shekarun 1970 cewa gefen biranen taurari na juyawa da saurin da taurarin da ake gani ba za su iya riƙewa ba, alamar cewa yawancin nauyin wani ɓoyayyen abu ne da ba ya haske. Ke nan saurin juyawa awon abin da ba a gani ne, haske kuma awon abin da ake gani. Dalilin da ya sa biyun ke tafiya kafaɗa da kafaɗa haka na daga cikin tambayoyin da masana ke ci gaba da jayayya a kansu. Masu awon nisa dai ba su jira an kammala jayayyar ba.

Kuskuren kashi 20 cikin 100

A takarda komai daidai. A aikace, biranen ba sa tsayuwa yadda mai awo ke so. Wanda ya fuskanto mai kallo gaba da gaba, kamar faifai a jingine da bango, juyawarsa ba ta kawo komai kusa ba ta kai komai nesa, don haka siginarsa ba ta bajewa. Wanda ya ba da gefe kuwa awon juyawarsa na fita sarai, amma ƙurar da ke cikin faifan na tare haskensa. Yawanci a tsakani suke, a karkace, kuma dole a ƙiyasta karkatar kafin a gyara lissafi. Aiki ne da idon ɗan Adam ya daɗe yana fin kwamfuta iyawa, har ta kai ga an nemi 'yan sa-kai su duba hotunan dubban birane a intanet suna jera su. Matsalar ƙura kuma an rage ta tun 1979, lokacin da Marc Aaronson da abokan aikinsa suka koma auna haske na ƙasa da ja, wanda ido ba ya gani amma yake ratsa ƙura.

Bayan duk gyare-gyaren nan, awon nisan birni ɗaya na ɗauke da kuskuren kusan kashi 20 cikin 100. A ɗauki birnin da ke nisan shekarun haske miliyan 300. Buɗewar sarari na nisanta shi da gudun kusan kilomita 6,400 a daƙiƙa. Kuskuren kashi 20 a nisa na nufin kuskuren wajen kilomita 1,300 a gudu. Shi kuwa gudun ƙashin kai da ake nema yawanci 'yan ɗaruruwa ne. Kuskuren ya ninka abin da ake son aunawa sau uku ko huɗu.

Saboda haka birni ɗaya ba ya faɗin komai. Mafita ita ce yawa. Idan aka auna birane 100 a yanki ɗaya, wasu za a kai su nesa fiye da kima, wasu a kawo su kusa, kuskuren ya ci juna, ya ragu sau goma, ya koma wajen kilomita 130. Nan ne motsin yankin ke fara bayyana. Wannan ne ya mayar da fannin daga aikin mutum ɗaya da na'urarsa zuwa ƙidayar sama, inda ake share shekaru ana bin sararin sama yanki-yanki ana rubuta duk abin da aka tarar. Farantin Arecibo mai faɗin mita 305 a Puerto Rico ya yi irin wannan ƙidaya daga 2005, ya tattara siginar haidurojin ta birane sama da 30,000 kafin ya rushe a ranar 1 ga Disamban 2020.

Sai dai yawa na maganin kuskuren da ke faɗawa ko ta wane gefe ne kawai. Akwai wanda ke karkata gefe ɗaya, kuma shi ya fi haɗari. Kowace na'ura na da iyakar dusashewar da take iya gani, don haka a can nesa birane masu haske fiye da 'yan uwansu ne kaɗai ke shiga jerin. Mai awo zai ɗauka sun fi kusa fiye da yadda suke. Masanin ƙasar Suwidin Gunnar Malmquist ya yi bayanin wannan tarko tun shekarun 1920, kuma har yau duk wani babban sakamako a fannin, tambayar farko da ake yi wa masu shi ita ce yadda suka kauce masa.

Taswirar magudanai

Lokacin da Rubin da Ford suka ba da rahoto a 1976 cewa awon da suka yi wa birane masu siffar faifai na nuna wani babban motsi na bai ɗaya, kaɗan ne suka gaskata su. Shekara guda bayan haka hujja ta zo ta wata kafa. Akwai wani tsohon haske da ya rage tun farkon samuwar sararin samaniya, wanda ke isowa daga kowace kusurwa. Na'urorin da aka ɗora a jirgin U-2 na Amurka suka nuna ya ɗan fi ɗumi a gefe ɗaya na sama, ya fi sanyi a ɗaya gefen, kamar yadda mai gudu cikin ruwan sama ya fi jiƙewa ta gaba. Daga nan aka samo adadin nan na kilomita 600 da 'yan kai.

A ƙarshen shekarun 1980 wasu masana bakwai, cikinsu har da Sandra Faber da Alan Dressler da Donald Lynden-Bell, suka auna birane wajen 400 masu siffar ƙwai, suka ga ba birninmu kaɗai ke tafiya ba. Yankin gaba ɗaya na malala zuwa wani wuri a sararin kudu, nisan shekarun haske miliyan 150 zuwa 250. Dressler ya raɗa masa suna Babban Mai Janyowa. Abin takaici, wurin na kusa da ɓangaren saman da ƙurar birninmu ta rufe.

Tully, wanda ya koma Jami'ar Hawaii, ya ci gaba da tara awo a wani kundi mai suna Cosmicflows. A watan Satumban 2014, shi da Hélène Courtois da Daniel Pomarède na Faransa da Yehuda Hoffman na Isra'ila suka yi amfani da nisan birane sama da 8,000 suka zana taswirar motsi. Sun bi dabarar masu nazarin koguna: ruwan da ya sauka a kan tudu, wani ya gangara gabas wani yamma, kuma layin da ya raba su shi ne iyakar magudana. Duk biranen da ke gangarawa wuri ɗaya suka sa su gida ɗaya, mai faɗin shekarun haske wajen miliyan 500 da birane kimanin 100,000, suka kira shi Laniakea, wato sama marar iyaka a harshen mutanen Hawaii. Birninmu a bayan gari yake, can gefe.

Amfanin taswirar ya wuce suna mai daɗi. Ƙarfin janyowa bai damu da ko abu na haske ko ba ya yi ba, saboda haka motsin birane na tona inda nauyi yake, har da ɓoyayyen abun nan da kuma abin da ƙura ta rufe. A 2017 rukunin ya nuna cewa ba ja kaɗai ake yi ba. A gaba akwai Shapley, tarin gungun birane mafi girma a wannan yanki, nisan shekarun haske wajen miliyan 650. A baya kuma akwai wani makeken fili kusan wayam, wanda rashin nauyinsa ke aiki tamkar turi.

Kundi na huɗu, da aka wallafa a 2023, ya ƙunshi birane kusan 56,000, kimanin 10,000 daga ciki ta ƙa'idar Tully da Fisher. Da shi ne wani nazari na 2024 ya karkata ga cewa Laniakea ba gida ne mai zaman kansa ba, unguwa ce a cikin magudanar Shapley. Shekara goma kacal taswirar ta yi kafin a fara gyara mata iyaka, kuma waɗanda suka zana ta na cikin masu gyaran.

Inda lissafi ya ƙi haɗuwa

Nazariyyar da yawancin masana ke aiki da ita ta ce idan aka ɗauki yanki mai girman gaske, jan nan da jan can za su kashe juna, motsin bai ɗaya ya ragu. A 2023 Richard Watkins da Hume Feldman da abokan aikinsu suka lissafa motsin bai ɗaya na yankin da ya kai shekarun haske wajen miliyan 700 ta kowane gefe, suka samu kusan kilomita 400 a daƙiƙa, fiye da ninki biyu na abin da ake tsammani. Wani rukuni a Ostireliya da ya sake lissafin ya tarar da saɓanin, amma ya yi gargaɗin cewa an raina girman kuskuren da ke ciki.

Saɓani na biyu ya shafi saurin buɗewar sararin kanta. Awon tsohon hasken nan da kumbon Planck na Turai ya yi ya ba da kilomita 67.4 a daƙiƙa ga kowane nisan shekarun haske miliyan 3.26. Masu hawa tsanin nisa kuwa suna samun 73, kundin Cosmicflows na huɗu ma ya haura 74. Ko dai akwai matakin tsanin da ya karkace, ko kuma nazariyyar na da giɓi. Tarihin fannin na goyon bayan taka-tsantsan, domin an sha shelanta manyan motsi da daga baya suka narke da aka ƙara awo.

Raunin kundin a bayyane yake. Awonsa ya fi zurfi a sararin arewa, alhali ayarin kudu ya dosa, kuma Shapley na daf da inda bayanan kudu suka ƙare. Bayan haka ga ƙurar birninmu da ta rufe kusan kashi ɗaya cikin biyar na sama. Siginar santimita 21 na ratsa ƙurar. Da ita ne farantin Parkes na Ostireliya ya gano birane 883 a bayan labulen, kashi ɗaya cikin uku ba a taɓa ganin su ba, kamar yadda aka sanar a 2016. A shekarar ce kuma Renée Kraan-Korteweg ta Jami'ar Cape Town da abokan aikinta suka ba da labarin wani katafaren tarin birane da ake kira Vela, ɓoye a wannan yanki, nisan shekarun haske wajen miliyan 800.

Na'urorin da za su raba gardama suna kan aiki. MeerKAT, mai faranti 64 a yankin Karoo na Afirka ta Kudu, wanda aka ƙaddamar a 2018, na leƙa bayan ƙurar. Farantin FAST na China mai faɗin mita 500 ya riga ya fitar da jerin birane sama da 41,000. Na'urar DESI a Arizona, wadda ke karanta hasken abubuwa 5,000 a lokaci guda, na auna juyawar birane ta hanyar ɗora ido ɗaya a cibiya wani kuma a gefen faifan. A yammacin Ostireliya kuma, faranti 36 na ASKAP na gudanar da ƙidayar WALLABY, wadda ake sa ran za ta kama siginar haidurojin ta birane wajen 200,000, mafi yawansu a sararin kudu, ɓangaren da taswirar ta fi ƙarancin bayani.